Kafin Ka Kafa Rumfa

Darasi domin iyalin masu bi da ke da gwanin hannu a gida

A karanta tukuna: Fitowa 31:1-11, Fitowa 38:21-31, Luka 14:28-30.

Ya ɗan'uwa mai karatu, an gama girbi. An ɗaure dammuna, an kai rumbu. Ga rani a gabanka, wata takwas ko fi, babu ɗigon ruwa. Samarin garinku sun fara neman kuɗin mota, waɗansu za su Agadas, waɗansu Kano, waɗansu har Libiya da Aljeriya. Kai kuwa kana da wata shawara a zuciya. Tun kana yaro hannunka ya iya abu. Watakila ka iya dukanci, kana yanka fata kana yi mata ado. Watakila ɗinkin hula ne, ko sassaƙa, ko zanen bango, ko rubuta allon kanti da fenti. Ke kuma 'yar'uwa, mata suna zuwa har gida su ga faifanki da tabarmarki da zanen ƙwaryarki. Mutane sun sha ce maka, "Wannan hannu ai kuɗi ne." Yanzu kana so ka kafa rumfa a kasuwar Tanut ko ta Belbeji, ka ci abinci da hannunka.

Nufi ne mai kyau. Amma zauna tukuna mu yi magana, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

WA YA BA KA HANNUN?

Sa'ad da Ubangiji ya umarci Musa ya yi alfarwa ta sujada a jeji, ya kira wani mutum da sunansa, Bezalel ɗan Uri, na kabilar Yahuza. Ya cika shi da Ruhunsa domin ya iya aikin zinariya da azurfa da tagulla, da yankan duwatsu, da sassaƙar itace. Ya ba shi abokin aiki, Oholiyab na kabilar Dan, gwanin saƙa da ɗinkin ado. Mata masu hikima kuma suka kaɗa zare da gashin awaki. A cikin kayan rufin alfarwar har da fatun raguna da aka rina ja. Duk badukun da ya taɓa jiƙa karan dafi ya shafa wa fata, ya san irin wannan aiki.

Ka lura da abu guda. Littafi Mai Tsarki bai ce Bezalel ya gaji aikin daga ubansa ba. Ya ce Allah ne ya cika shi. A ƙasarmu an saba ƙira ta 'ya'yan maƙera ce, dukanci na 'ya'yan dukawa, akwai ma gidajen da su ke ganin ƙasƙanci ne ɗansu ya riƙe basilla ko guduma. In an ce maka, "Wannan ba gadonku ba ne," kada ka ji kunya. Ubangijinmu Yesu da kansa mutanen garinsu sun san shi masassaƙi ne (Markus 6:3). Manzo Bulus kuwa ya zauna a Koranti tare da Akila da Bilkisu suna ɗinkin alfarwa, da shi ya ci abinci (Ayyukan Manzanni 18:3).

Duk da haka ka girmama waɗanda suka gada. Su suka san yadda a ke jima da bagaruwa har fata ta yi laushi, su suka san fatar da za ta riƙe rini da wadda za ta zubar. In tsohon baduku Musulmi ya yarda ka zauna a gindinsa shekara guda, ka zauna, ka yi masa biyayya kamar uba.

SURAR DA BA A CIKA KARANTAWA BA

Yawancin masu wa'azi su kan tsaya a Fitowa 31, inda aka ba da baiwa. Kai ka wuce zuwa ƙarshen sura 38. A nan babu wahayi, babu mu'ujiza. Lissafi ne kawai. Musa ya sa aka rubuta dukan abin da ya shiga aikin, a ƙarƙashin hannun Itamar ɗan Haruna. Zinariya talanti 29 da shekel 730. Azurfa talanti 100 da shekel 1,775. Tagulla talanti 70 da shekel 2,400. Har an faɗi inda kowane kashi ya tafi: azurfa talanti 100 ta tafi ga gindin ginshiƙai 100, ragowar kuma aka yi ƙugiyoyi da ita, aka dalaye kawunan ginshiƙan.

Ka yi tunani. Mutumin da Allah ya kira da sunansa, ya cika shi da Ruhu, shi ma an auna abin da aka ba shi, an rubuta abin da ya yi da shi. Balle ni da kai?

Gwanaye da yawa sun rufe rumfa alhali aikinsu ya fi na kowa kyau a kasuwar. Abin da ya kashe su shi ne ba su taɓa sanin nawa abu guda ya ci musu ba. Bari mu gwada tare. Kuɗin da zan sa misali ne kawai, kai ka sa na kasuwarku. A ce za ka ɗinka takalmi mai ado. Ka sayi fata jika 2. Zare da rini da danƙo sun ci dala 100. Kuɗin mota zuwa kasuwa da tikitin rumfa, in an raba bisa kayan da ka kai, a ce dala 100 kuma. Ka ga jika 3 ta fita ke nan. Ka yi kwana 3 kana aikin. Mai saye ya taya, kuka ja, ka sallama a jika 4. Ka koma gida da murna kana cewa, "Yau na samu jika 4." A'a, ɗan'uwa. Jika 1 ka samu, ladan kwana 3. Je ka tambayi abin da a ke biyan ɗan ƙwadago a gona wuni guda, ka gwada da naka.

In kuwa ka ɗauki jika 4 ɗin nan duka ka sayi hatsi da sukari da shayi, gobe da me za ka sayi fata? Ka ci uwar kuɗi ke nan, kamar manomin da ya daka irin shuka ya yi fura.

Domin haka ka sayi kaye da alƙalami kafin ka sayi wuƙa ta biyu. Kowane dare ka rubuta abin da ya fita da abin da ya shigo. In ba ka iya rubutu ba, yaronka ɗan lakwal ya rubuta maka, ko matarka in ta yi karatun manya a majami'a. Kuɗin sana'a ka ajiye shi dabam da kuɗin cefane, ko da a gwangwani biyu ne. Zakkar Ubangiji kuma ka fitar da ita daga riba ta gaskiya. Wanda bai san ribarsa ba, ƙaƙa zai san abin da ya kamata ya kai gidan Allah?

WA ZAI SAYA?

Yesu ya yi maganar mutumin da ya fara gina hasumiya bai zauna ya ga ko yana da abin gamawa ba, ya kafa tushe ya tsaya, masu wucewa suna yi masa ba'a. Cikin lissafin da ya kamata ka yi, tambaya mafi nauyi ita ce: wa zai sayi abin da na ke yi, kuma zai dawo baɗi?

Tarihin Damargu da kansa ya isa ya koya mana. A watan Janairu na 1851 wani Bajamushe mai suna Barth ya ratsa ƙasar nan tare da ayarin gishiri daga Abzin, ya same ta ƙasar hatsi wadda Abzinawa su ke dogara da ita. A zamanin nan ayarin Tarabulus zuwa Kano ta nan ya ke bi. Jemammiyar fata da gashin jimina suna ƙetare hamada har su kai Turai. Wa zai ce wannan hanya za ta mutu? Amma a 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, kaya suka juya suka bi teku, fataucin hamada ya yi ta raguwa har ya tsaya. Daga baya kwanon sha da robar kanti suka shigo, masu ƙwarya da masu gyartai suka ji a jikinsu. A zamaninmu kuma maƙeran azurfa da dukawa na Agadas da Damagaram sun daɗe suna sayar wa Turawa 'yan yawon buɗe ido. Tawayen da ya tashi a arewa a 2007, da sace ma'aikata a Arlit a watan Satumba na 2010, suka kore baƙin. Mutanen da suka saba yin abin wuya da jakunkuna domin Bature suka wayi gari da kaya a hannu babu mai tayawa.

Iyaka ma ba abin dogara ba ce. Dattawanku suna tunawa da yunwar 1984, sa'ad da fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya. An sake rufe ta a watan Agusta na 2019 har zuwa Disamba na 2020. An kuma rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. Wanda fentinsa da zarensa duk daga Kano su ke fitowa, kowane karo ya ga tsada.

To, ina mafita? Ka dubi wanda ke kusa da kai. Rijiyoyin Damargu suna da zurfi, makiyayi kuwa ba ya rabuwa da guga da igiya da salka. Buzu yana bukatar ragamar raƙumi da kuben takobi. Bafillatana tana son ƙwarya mai zane domin nononta. Kowace amarya tana bukatar faifai da tabarma da kayan adon ɗaki, a shekarar ƙoshi da shekarar wahala duka. Manomi zai nemi hauya da sungumi kafin ruwan fari. Belbeji ta zama gunduma mai cin kanta a 2011, a wannan shekara kuma aka buɗe matatar man fetur a ƙasar Ollelewa. Inda ma'aikata da 'yan kasuwa suka taru, a kan nemi mai rubuta allo, da mai ɗinkin hula, da mai gyaran takalmi. Ka fara da abin da maƙwabcinka zai saya kowace shekara, ka zuba masa adon da Allah ya ba ka. In ya yi kyau, shi da kansa zai kai sunanka Bakin Birji da Kasuwar Dole ta Damagaram. Yau ma hoton aikinka yana iya zuwa Yamai ta salula cikin ƙiftawar ido. Amma kada ka sa kaya a mota sai an turo rabin kuɗi.

Ga wata magana da ba ta da daɗin ji. Kada ka kafa rumfa kana dogara ga Ikkilisiya ta zama kasuwarka. Tun 1924 mishan ta sauka Damagaram, amma har yanzu masu bi a Damargu ƙalilan ne, yawancinsu kuwa talakawa kamarka. Baƙon da ya sayi kayanka da tsada domin tausayi, wata rana zai koma ƙasarsu, farashinsa ba shi ne farashin kasuwa ba. Ku kuma dattawan Ikkilisiya, in kun sa yaro ya yi fentin majami'a, ko ya rubuta aya a bango, ko ya sassaƙa benci, ku biya shi. In shi da kansa ya ce ya ba da aikin baiko ne, madalla, Allah ya karɓa. Amma baikon da aka ƙwace da "ai aikin Ubangiji ne" ba baiko ba ne. Ku karanta Yakubu 5:4 ku ga inda kukan ma'aikacin da aka hana hakkinsa ya ke kaiwa.

RUMBU DA GONA

Kada ka sayar da hatsin rumbu domin ka sayi kayan aiki. Kada kuma ka ci bashin da za a biya da hatsi a kaka, gama wanda ya ba ka kuɗi da damina zai auna tiya a lokacin da hatsi ya fi araha, ya bar ka da rumbu rabi. Karin Magana 22:7 ta kwatanta mai cin bashi da bawa a hannun wanda ya ba shi. Ka tuna da 2005. Fara da ƙarancin ruwa sun cinye amfanin 2004, ƙasar Tanut kuwa tana cikin wuraren da yunwa ta fi tsanani. A irin wannan shekara babu mai sayen ado. Gidan da ya riƙe gonarsa da 'yan awakinsa shi ya ga kaka.

Saboda haka shawarata ita ce, ka yi rani biyu ko uku kana sana'ar, da damina kana gona, kayenka yana nuna maka gaskiya. In jari ka ke nema, akuya guda da aka sayar, ko adashen da matan Ikkilisiya su ke yi, ya fi bashin ɗan kasuwa. Kuma kada ka yanke shawarar kai kaɗai. Matarka ita za ta tsaya gaban tukunya in ciniki ya ƙi, tana da hakkin ta ga lissafin tun da fari.

ABIN DA HANNUNKA BA ZAI YI BA

Zinariyar da Isra'ilawa suka fito da ita daga Masar ta yi aiki biyu. Da 'yan kunne Haruna ya zuba ɗan maraƙi (Fitowa 32), da 'yan kunne kuma aka kawo baiko domin alfarwa (Fitowa 35:22). Ƙarfe ɗaya ne, wuta ɗaya ce. Gwaninta ba ta tambayar wanda za ta bauta wa, mai ita ne zai zaɓa.

Kai baduku mai bi, wannan zai same ka tun makon farko. Wani zai miƙo maka ƙullin takarda ya ce ka ɗinke masa laya, ko guru, ko kambu. Aiki ne na ɗan lokaci kaɗan, kuɗinsa a hannu, ba ya kuma yankewa rani da damina. Dukawa da yawa da shi su ke cin tuwon dare. Kai kuwa ka shaida a gaban jama'a ranar baftismarka cewa Almasihu ne kaɗai tsarinka. In ka ɗinka, me ka gaya wa mutumin nan game da Ubangijinka? Me ka gaya wa ɗanka da ke zaune yana miƙo maka zare? Ka yanke shawara tun kana gida, bisa gwiwoyinka, kafin ranar da aljihu ya bushe mai laya kuma yana tsaye. Ka sa wannan hasara cikin lissafinka tun yanzu, domin hasara ce ta gaske, ba zan ruɗe ka ba.

Amma yadda za ka ƙi ma yana da nauyi. Kada ka yi tsaki, kada ka yi masa wa'azi a tsakiyar kasuwa. Ka ce, "Malam, ka yi haƙuri, ni mai bin Yesu ne, wannan ba na yinsa. In takalmi ne ko kube, ina nan." Mutanenmu suna girmama wanda ya riƙe addininsa da ladabi. Waɗansu za su tafi ba su dawo ba. Waɗansu za su dawo da takalmi, domin sun ce a ransu, wanda ya ƙi kuɗi saboda tsoron Allah ba zai sa musu ruɓaɓɓiyar fata a ciki ba.

Kai kuma mai zane da fenti, ka san abin da ya faru ran 16 ga Janairu 2015. Wata jarida a Faransa ta buga zanen ɓatanci, fushi ya tashi a Damagaram, aka ƙone majami'u, aka rasa rayuka, kashegari kuma abin ya kai Yamai. Waɗanda aka ƙone wa ɗakunan sujada ba su suka yi zanen ba, ba su ma taɓa ganin masu yinsa ba. Ƙona majami'a zalunci ne, babu abin da zai wanke shi. Duk da haka mu koyi cewa zane yana da ƙarfi kamar harshe, yana iya cinna wa daji wuta. Kada hannunka ya zana abin da zai wulakanta maƙwabcinka ko addininsa, ko a bango, ko a takarda, ko a salula, ko da wani ɗan'uwa ne ya roƙe ka. Haka nan in 'yan siyasa suka kawo aikin zagin abokan hamayyarsu, ka bar musu kuɗinsu.

KAFIN ALƘALAMI DA ALKAWARI

Akwai zunubin da ya zama kamar rigar masu sana'a, har an daina ganinsa zunubi. Shi ne "dawo gobe." Ka karɓi kafin alƙalami daga mutum biyar ana sauran mako guda salla, ka san hannunka ba zai gama na uku ba. Ka kashe kuɗin, kana ɓuya in ka hango mai kaya. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski. Kuɗin da aka ba ka kafin aiki amana ne, ba naka ba ne sai ranar da ka miƙa kayan. Ka rubuta shi a shafi dabam. In kwana 10 aikin zai ci, ka ce 12, ka kawo a na 10.

Haka kuma zancen kaya. In fatar tunkiya ce, kada ka ce ta akuya ce, balle ka ce ta jar akuyar Maraɗi ce. In farin ƙarfe ne, kada ka kira shi azurfa domin mai sayen baƙo ne. In rinin zai zuba a ruwa, ka faɗa. Karin Magana 11:1 ta nuna ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji, ɗinkin da ke ɓoye a cikin takalmi ma ma'auni ne. Tayi da ja-in-ja al'adar kasuwarmu ce, ba laifi ba ne ka fara da farashi mai ɗan tsawo. Amma ba ka bukatar rantsuwa, ba ka bukatar ka ce "ko ni haka na saya" alhali ka san ba haka ba ne. Ka san iyakar da ba za ka sauka ƙasa da ita ba. Kayenka ne zai gaya maka ita, sa'an nan in an taya ƙasa da haka sai ka ce "albarka" da murmushi.

In Allah ya buɗa maka har ka ɗauki yaro, ka tuna an ce Ubangiji ya ba Bezalel da Oholiyab zuciyar koya wa waɗansu (Fitowa 35:34). Kada ka riƙe ɗan mutane shekara biyar yana ɗebo ruwa yana goge fata, kana ɓoye masa yadda a ke haɗa rini domin tsoron kada ya fi ka. Ku yi magana da ubansa tun ranar farko a gaban shaidu biyu: shekara nawa zai yi, wa zai ciyar da shi, da me za a sallame shi, za a kuma bar shi ya tafi gonar ubansa da damina ko a'a. A rubuta wannan ma a kaye, a shafin ƙarshe, kowa ya sa hannu.